Tambaya: ƙonanniyar tsaba za ta iya nuna cewa mutanen dā sun yi yunwa?

Ɗalibar Kufai ta rubuta:

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan uwa, ina roƙon a warware mini wani abu da ya tsaya mini a rai mako biyu ke nan.

Ina shekarar ƙarshe a digiri na biyu, ɓangaren binciken kufai, kuma aikina a kan ragowar tsirrai ne. Ban je wurin tonon ba. Jakunkunan ƙasa aka miƙo mini, kowace da lambarta, daga wani tsohon gari na manoman alkama da sha'ir da aka taɓa ƙone shi ƙurmus, daga baya wasu suka dawo suka yi gini a kan tokar. Ga wanda bai taɓa ganin yadda ake yi ba: ƙasar ake zubawa cikin ruwa a hankali ana motsawa. Yashi da tsakuwa su nutse, duk abin da ya ƙone ya zama gawayi kuma ya taso sama don ba shi da nauyi. Sai a tare shi da rariya mai ƙananan idanu, a shanya a inuwa, domin in ya bushe da sauri farfashewa yake yi. Daga nan sai zaman madubin ƙara girma. Wata huɗu na yi ina tura baƙaƙen ɗigo-ɗigo da bakin buroshi mai laushi, tunda hantsaki murƙushe su yake yi. Ƙwayar sha'ir in ta ƙone takan ɗan kumbura, amma tsagar nan ta cikinta tana nan daram, har gurbin da tsiro zai fito ana gani. Ranar da na fara gane ɗaya da idona, ajiye buroshin na yi na zuba mata ido. Wani ne ya shuka ta, wani ya girbe, wata ta ɗebo ta da niyyar dafawa, ba a kai ga ci ba.

Ga abin da na samu. Jakunkunan da suka fito daga cikin tokar gobarar cike suke da alkama da sha'ir da adas (wani ɗan ƙaramin wake), masu tsabta, da kyar ake samun tsabar ciyawa a ciki. Waɗanda suka fito daga saman tokar kuwa, wato zaman waɗanda suka dawo, hatsi ya ragu ƙwarai, tsabar ciyawa ta cika ko'ina, wasu ba su fi ƙwayar yashi ba. Sai na zauna na rubuta babi guda cewa waɗanda suka dawo yunwa ta kama su, suka koma cin tsabar daji. Malamina ya bi babin da jan biro, duk inda kalmar yunwa ta fito ya kewaye ta, ya rubuta a gefe: "Ta wace hanya tsabar ta shiga wuta?" Bai ƙara ko kalma ba, kuma yanzu ya yi tafiya sai wata mai kamawa.

To ni abin da ya dame ni shi ne: idan gari ya ƙone, hatsi ya ragu, ciyawa ta ƙaru, in ba yunwa ba mene ne? In kuma wannan bai isa hujja ba, da me ake gane cewa mutanen da suka mutu shekaru dubbai da suka wuce sun kwana da yunwa a lokacin yaƙi ko fari? Ba na son in ƙaga musu wahalar da ba su sha ba, kuma ba na son in rufe ido daga wadda suka sha.

Baba Mai Rariya ya amsa:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Malaminki bai cuce ki ba. Tambayar da ya rubuta miki ita ce uwar wannan sana'a, kuma manya sun yi tuntuɓe a kanta tun ba a haife ki ba.

Bari in faro miki daga Ali Kosh, wani tudun kufai a kudu maso yammacin Iran. Frank Hole da Kent Flannery sun tona shi a 1961 suka ce ragowar tsirrai ba su da yawa a wurin. Da suka koma a 1963 suka wanke ƙasar da ruwa kamar yadda kika bayyana, sai ga tsaba fiye da 40,000, tun daga gindin tudun har samansa. Hans Helbaek, mutumin Denmak, shi ya zauna ya tantance su. A hawan da ke can gindin tudun mafi yawansu na ciyayin daji ne, 'yan mitsi-mitsi, sai aka ɗauka abin da mutanen suke ci ke nan, aka zauna a haka shekara da shekaru. Sai ga Naomi Miller, wadda ta yi aiki a Malyan, can Iran ɗin dai. Ita ta tsaya ta kalli abin da mutanen ƙauyen suke hura wuta da shi, ta ga busasshen kashin dabbobi ne, don itace ya yi wuya. Da ta duba tokar murhunsu da jujinsu, tsabar ciyawa birjik. Dabba ce ta ci ciyawar, tsabar ta bi ta cikinta ta fito ba ta narke ba, aka ƙona kashin, tsabar ta zama gawayi. A 1996 ta fito ta ce mai yiwuwa da yawa daga tsabar Ali Kosh da ta Abu Hureyra a Siriya kiwon dabbobi ce, ba cimar mutane ba. Gordon Hillman da abokan aikinsa, waɗanda suka yi aikin Abu Hureyra, ba su yarda ba, suka mayar mata da amsa. An kai ruwa rana. Amma tun daga lokacin babu mai hankalin da zai ga tsabar ciyawa a murhu ya ce abinci ce bai fara kore zancen kandilo, wato busasshen kashin dabba, ba.

Saboda haka ki koma kan jakunkunanki na sama. Ki nemi gutsattsarin da ba itace ba ne ba tsaba ba, mai kama da dunƙulallen zare, wani lokaci har da tsaba maƙale a ciki. In kina da wanda zai duba miki tokar, kashin tumaki da awaki da shanu yana barin wasu mulmulallun ƙwayoyin alli da ba sa ɓoyuwa a madubin masu duba duwatsu. Sannan ki auna gawayin itace. In itace ya ragu daidai lokacin da ciyawa ta ƙaru, to makamashi ne ya canja. Kada kuma ki ce wannan ba labari ba ne. Mutanen da suka bar zuwa nesa neman itace suka koma ƙona kashin dabba a cikin gida, akwai dalilin da ya tsare su, ko dajin ya ƙare ko hanyar ba ta biyuwa.

Na biyu, kuma ni nan na fi zargi. Hillman ya zauna a ƙauyukan Turkiyya a shekarun 1970 yana kallon yadda ake sarrafa hatsi da hannu, Glynis Jones ta yi irin haka a tsibirin Amorgos na Girka. Abin da suka nuna, duk wanda ya taɓa gyara hatsi ya san shi: kowane mataki da irin dattin da yake fitarwa. Sheƙa tana tafiya da ƙaiƙayi da tsaba marasa nauyi. Tankaɗe yana zubar da ƙanana masu nauyi. Waɗanda girmansu ya yi daidai da na hatsin sai an tsince su da hannu daf da dafawa. Duk wannan datti ina yake zuwa? Murhu, ko gaban kaji. Hatsin kansa ba ya shiga wuta sai bisa tsautsayi, domin babu mai ƙona abincinsa da gangan.

Yanzu ki sake karanta abin da kika rubuto mana. Na cikin tokar, kin ce mai tsabta ne, ba ciyawa. Wannan ajiya ce da aka riga aka gyara, gobara ta cinye ta rana ɗaya. Na saman tokar kuwa sharar murhu ce ta yau da gobe. Rumbu kika kwatanta da murhu, 'yata. Ko a shekarar da aka fi kowace damina albarka, in kika yi wannan kwatancin abin da za ki samu ke nan. Ki nemo murhu ko juji na kafin gobarar, ki kwatanta murhu da murhu.

Mai Auna Ƙashi ya amsa:

Baba, a gafarce ni in ɗora kaɗan a kan maganarku. Malama, ko da kin kore zancen kandilo da na tankaɗe, akwai gibin da tsaba ba za ta cike miki ba. Abin da mai yunwa yake ci shi ne ya fi komai ɓacewa: ganye, saiwa, ɓawon itace, ɗanyun 'ya'yan itace. Ana tafasa su ne ko a ci ɗanye, ba su da tauri, ba safai suke zama gawayin da za a gane ba. Shi ya sa mu muke zuwa jikin mutumin kansa.

Misalin da nake so shi ne na Ailan, don a can akwai rubutaccen tarihi da za a gwada aikinmu da shi. Cuta ta kama dankalin Turawa daga 1845, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu kafin 1852, gwamnati ta shigo da masara daga Amurka ana rabawa. A Kilkenny an tono kaburburan gidan gajiyayyu na lokacin, mutum aƙalla 970. Da aka kankare dattin da ya daskare a haƙoran wasunsu, an samu sitacin masara a ciki, tare da na hatsin da suka saba ci. Haƙorin kansa ma ya ba da shaida. Masara da dankali ba iri ɗaya suke ɗaukar kabon daga iska ba, wannan bambancin yana shiga jikin wanda ya ci su, haƙori kuma hawa-hawa yake ginuwa yayin da yaro yake girma, don haka in aka yanka shi siriri-siriri ana ganin inda dankali ya yanke masara ta shigo. Wani nau'in naitirojin da ke cikin haƙorin kuma yana hawa a lokacin da jiki ya fara cin naman kansa. Ƙasusuwan da yawa sun nuna ciwon rashin bitamin C, wanda dankalin yake bayarwa masarar ba ta bayarwa. Kin ga hujja uku sun haɗu a kan mutum ɗaya.

Sai maganar lokaci. Yunwa 'yan shekaru ce kawai. Gwajin kabon 14 kuwa, wanda da shi ake auna shekarun tsohon abu, ko a kan ƙwaya ɗaya aka yi shi, tazarar shekaru gommai yake ba ki, kuma tsakanin wajen 800 zuwa 400 kafin Miladiyya ma'aunin yakan kwanta, abubuwan da ƙarni biyu ko uku ya raba su su fito da shekara kusan ɗaya. Hawan ƙasar da kike kira zaman waɗanda suka dawo, zai iya zama zaman kaka da jika. Ki tambaya ko an samu kaburbura a wurin, kuma wa yake aiki a kansu.

Yaya Talatu ta amsa:

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Su Baba sun gaya miki yadda ido yake ruɗuwa. Ni zuciya nake so ki duba, don na ga kin shiga ɗakin binciken da amsarki a hannu: gari ya ƙone, saboda haka an yi yunwa. Ni ma da haka na fara, har na karanta aikin Amanda Logan a kan Banda, a yammacin tsakiyar Gana, inda Ann Stahl ta daɗe tana jagorantar tono.

Lakar da ke ƙasan tafkin Bosumtwi na Gana ta nuna an yi wani dogon fari a yankin, mai tsanani ƙwarai, na ƙarnoni. Kowa zai zaci kufan Banda na tsakanin 1450 da 1650 za su cika da alamun yunwa. Ba haka ta tarar ba. Mutanen suna cin geronsu, abin da suka fi so, ba su koma kan abincin dole ba. Masara ta iso daga nahiyar Amurka a wajen ƙarshen wannan zamani, ga ta mai saurin nuna, amma ɗan kaɗan kawai aka samu, ba su ruga gare ta ba. Dalili kuwa suna da abin hannu. Suna ƙira, suna sarrafa tagulla da hauren giwa, suna ginin tukwane, suna cikin hanyar fataucin da ke haɗa daji da kogin Neja. Wanda yake da abin sayarwa yana da hanyar samun hatsi ko da gonarsa ta ƙi.

Ƙuncin ya zo ne daga baya, lokacin da ruwan sama ya fi na wancan zamani. Ciniki ya juya zuwa bakin teku, cinikin bayi ya kwashe mutane, daular Asante ta ci Banda a shekarun 1770, sojojin Samori Ture suka afka wa yankin a shekarun 1890 mutane suka watse, sannan Turawan Ingila suka zo da nasu tsarin. A wannan ƙarshen ƙarni na 19 ne masara ta zama abin dogaro. Ba sama ce ta hana su ci ba, hannun mutum ne. Wannan aikin ya canja mini yadda nake kallon kowace rariya.

Amma kada ki ɗauka ba a taɓa kama yunwa da tsaba ba. An kama. A Sand Canyon da ke Kolorado ta Amurka akwai wani gari na kakannin mutanen Fuweblo, 'yan asalin ƙasar, mai ɗakuna sama da 400, an gina shi wajen 1250, ya zama kufai wajen 1280. Zoben da ke cikin kututturen itatuwa ya nuna babban fari daga 1276 zuwa 1299, kuma da yake itace shekara-shekara yake ƙirga, matsalar lokacin da Malam Mai Auna Ƙashi ya ambata ta yi sauƙi a nan. Kristin Kuckelman da abokan aikinta suka kwatanta abu biyu: jujin da aka tara a shekarun zaman lafiya, da tokar wutar ƙarshe da aka hura a murhu ba a kwashe ba. A juji, masara da ƙashin talo-talo na gida. A wutar ƙarshe, masara ta ja baya, tsirran daji sun ƙaru, ƙashin naman farauta ya fi na talo-talo, wanda dama da masara ake kiwonsa. Sannan ga gawarwakin waɗanda aka kashe a harin da ya kawo ƙarshen garin, ba a yi musu sutura ba. Tsaba, ƙashin dabba, itace da gawa duk suka faɗi magana ɗaya.

Shawarata ɗaya: ki raba jakunkunanki gida-gida. Ba a taɓa yin yunwar da ta kama kowa daidai ba. In wani gida yana da alkama maƙwabcinsa ba shi da ita, kin samu abin da ya fi kalmar da malaminki ya kewaye.

Ɗalibar Kufai ta sake rubutawa:

Baba, Malam, Yaya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara sani. Kwana biyar ban leƙo ba don ina can ina bin abin da kuka ce.

Baba, maganarku ta tabbata. Na ɗauko littafin masu tono na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Duk jakunkunan hatsi mai tsabta daga ɗaki ɗaya suka fito, mai manyan randuna a jere jikin bango. Na sama kuwa murhu ne da tsakar gida. Na kuma koma kan tarkacen da na ware gefe na rubuta wa "ba a gane ba". A ciki na samu 'yan dunƙule masu tsayi kamar ƙwallon dabino amma ƙanana, na fasa ɗaya da bakin allura, sai ga tsaba uku a ciki kwance cikin zare-zaren ciyawa. Kashin akuya ne ko na tunkiya. Gawayin itace ma ya ragu a hawan sama, da ido ana gani tun kafin a ɗora a sikeli. Na cire babin gaba ɗaya.

Sai dai akwai jaka ɗaya da ta ƙi shiga wannan bayani, kuma ita ce ta sa na dawo. Ba daga murhu take ba. Ƙasar da aka juye ce daga cikin wata 'yar tukunya da aka samu a kusurwar wani ɗaki na hawan sama, ɗakin da ba shi da randa ko ɗaya. Tsabar ciyawa ce iri ɗaya tak, babu ƙaiƙayi, babu kara, babu kashi, an gyara ta tas kamar yadda ake gyara alkama. Dabba ba ta tace abin da take ci, tankaɗe kuma gauraye yake fitarwa. Wani ne ya sunkuya ya tara ta, ya sheƙe, ya ajiye. Ƙwayoyin ƙanana ne har sai da na riƙe numfashi ina ƙirgawa don kada in hure su. Na yi ta tunanin yini nawa ake yi kafin a cika tukunya da irin wannan.

Na sani tukunya ɗaya ba ta isa in ce gari ya yi yunwa ba. Tana iya zama magani, ko abin da suke so tun asali. Don haka na rubuta wa masu tonon ina neman abu uku: ko akwai juji na kafin gobarar da ba a wanke ƙasarsa ba, don in ga ko wannan tsabar tana nan tun lokacin wadata, ko akwai ƙanzo a jikin tukunyar da za a kankaro a duba, da kuma sunan mai aikin kaburburan, don ashe an samu guda kaɗan a bayan ganuwa. Na ware ƙwaya biyu daga tukunyar da biyu daga ɗakin randunan, na naɗe su, in an samu kuɗin gwaji a aika a ga tazarar da ke tsakaninsu.

Baba, in na ɗauki hoton tsabar a madubi na turo, za ku iya duba mini? Ina da zato a kan dangin ciyawar, amma a littafin tantancewa iri biyu ne suke kama da ita, kuma ɗaya daga ciki sai an jiƙa an wanke ɗacinta kafin ta ciwu.